Wace rauta ce za ta iya ɗaukar gida mai na'urori sama da 20?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan harkar sadarwa. Mu 9 ne a gida, kuma da na zauna na ƙirga na'urorin da ke hawa Wi-Fi ɗinmu sai na tarar sun kai 23: wayoyi, kwamfutoci 3, talabijin 2, na'urar wasan bidiyo ta yara, firinta, da kyamarorin tsaro 4. Layin da muke biya megabit 100 ne a daƙiƙa, rautar kuwa, wato na'urar da ke raba mana Wi-Fi ɗin, ita ce wadda kamfanin intanet ya ba mu shekara 6 da suka wuce. Da rana ba ta da laifi, amma da zarar kowa ya dawo da yamma sai taron da nake yi ta bidiyo ya riƙa tsinkewa, ɗakunan baya su rasa sigina, kuma da wuya a kwana biyu ba a kashe ta an sake kunnawa ba. Na ga rautoci masu lambobi irin su AX1800, AX3000 da AX6000, wasu har da eriya 8. Shin wadda ta fi girman lamba zan saya, ko kuwa in nemi Wi-Fi 7 in huta gaba ɗaya?

Amsa ta 1

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ki, domin jimla ce kawai aka haɗa. AX3000, alal misali, megabit 574 ne na zangon 2.4 GHz aka tara da 2402 na zangon 5 GHz (zangunan mitar rediyo biyu da rautar ke aika sigina a kansu), alhali babu wayar da ke cin wannan jimlar, tun da a kan zango ɗaya take zama. Yawancin wayoyi eriya 2 gare su a ciki, saboda haka ko rautar tana da 8 waya ɗaya ba za ta ci cikakken saurinsu ba. Ke kuma layinki a 100 ya tsaya, duk abin da ya haura haka ba zai ƙara miki saurin intanet ba.

Abin da ya kamata ki duba shi ne zamanin na'urar. Wi-Fi 6, wanda aka fara ba wa na'urori shaidarsa a 2019, an tsara shi ne musamman domin cunkoso: yana da fasahar OFDMA da ke raba tasha ɗaya ƙanana-ƙanana, ta yadda rauta za ta sallami na'urori da dama a aike guda maimakon kowace ta jira a gama da 'yar'uwarta. Wi-Fi 7 ya biyo baya a 2024, yana da kyau ƙwarai, sai dai amfaninsa ba ya bayyana sai wayoyi da kwamfutocin gidan ma sun san shi. A ganina matsakaiciyar rauta mai Wi-Fi 6 ta wadatar. Ki dai tabbatar kafofin kebul ɗinta na gigabit ne, wato megabit 1000, domin har yanzu ana samun waɗanda kafofinsu ba sa wuce megabit 100.

Amsa ta 2

Malam ya yi bayani mai kyau, amma ina jin bai taɓo ainihin ciwon ba. Tsinkewar taron bidiyo da yamma ta fi kama da matsalar jerin gwano a bakin layi. Idan wayoyi suka shiga ɗora hotunan yini, kyamarori kuma suna aika bidiyo waje, hanyar fita takan cika, ga shi a yawancin layukan gida ta fi ta shigowa ƙunci. Rautar da ba ta da dabara sai ta tara bayanan a ma'ajiyarta ta riƙa sakinsu bi da bi, muryarki kuma, wadda ba ta jure jinkiri, ta tsaya a bayan tulin hotunan wani. Masana suna kiran wannan kumburin ma'ajiya, kuma sabuwar rauta mai tsada tana iya fama da shi kamar yadda tsohuwa ke yi.

Maganinsa shi ne tsarin SQM, wanda ke aiki da dabarun fq_codel ko CAKE wajen raba layi daidai tsakanin masu amfani da shi, ya kuma gabatar da ƙananan saƙonni masu gaggawa. Ana saita shi a kan kusan kashi 90 cikin 100 na saurin da aka auna, wato a sadaukar da kaɗan domin jerin gwanon ya kasance a hannun rautarki. Wasu kamfanoni suna sa shi a na'urorinsu, haka kuma yana samuwa a OpenWrt, manhajar kyauta da ake iya ɗorawa a kan rautoci da yawa (ko da yake ba zan ce wanda bai saba ba ya fara da wannan, don kuskure ɗaya wajen ɗorawa yana iya hana na'urar tashi). A megabit 100 aikin ba zai yi wa furosesar rautar zamani nauyi ba.

Kafin ki sayi komai, Hajiya, ki jona kwamfuta da kebul kai tsaye a jikin rautar da misalin lokacin da matsalar ke tasowa, ki yi gwajin saurin intanet, ki lura da adadin jinkiri lokacin da ake ɗorawa. Idan ya yi tsalle ya koma ɗaruruwan milisakan alhali kina kan kebul, to laifin ba na Wi-Fi ba ne.

Amsa ta 3

Zan yi magana a kan ɗakunan baya, waɗanda babu rauta guda da za ta yi musu alkawari. Zangon 5 GHz ya fi sauri da sarari amma bangon kankare yana cinye shi, 2.4 GHz ya fi nisa, sai dai tashoshinsa da ba sa hawa kan juna 3 ne kacal, wato 1, 6 da 11, kuma kina raba su da maƙwabta da na'urorin Bluetooth. Ki fara da fito da rautar daga bayan talabijin ko cikin kabad, ki ɗora ta a sama a tsakiyar gida inda iska ke ratsa ta, domin zafi ma yana sa ta sandare. Talabijin da na'urar wasa ba sa yawo, a ja musu kebul su sauka daga Wi-Fi. Kebul nau'in Cat5e yana ɗaukar gigabit har mita 100. Idan duk da haka bayan gidan bai samu ba, ki ƙara na'ura ta biyu a tsarin mesh, wato na'urori da ke aiki tare a matsayin Wi-Fi ɗaya, a haɗa su da kebul in hali ya yi. Ki guji ƙaramar na'urar ƙara nisan sigina mai karɓa da maimaitawa a kan tasha ɗaya, tana zubar da kusan rabin saurin.

Akwai kuma batun da ake yawan mantawa. Rautar da ta shekara 6 mai yiwuwa kamfaninta ya daina sabunta manhajarta. A 2016 muguwar manhajar Mirai ta mamaye ɗimbin kyamarori da rautoci ta hanyar gwada kalmomin sirrin da suka zo da su daga masana'anta. Don haka ki zaɓi wadda ke sabunta kanta, mai tsaron WPA3, ki sauya kalmar sirrin shiga saitinta tun ranar farko, kyamarorin kuma ki ware su a layin baƙi.

Mai tambaya

Na gode muku duka, Allah Ya saka da alheri. Na yi gwajin da ƙarfe 8 na dare a kan kebul: saukewa ta ba ni megabit 94, jinkiri milisakan 18 lokacin da layi ke zaune, amma da aka shiga ɗorawa sai ya haura 600. Na dakatar da ɗora hotuna a wayoyi 4, taron ya tafi lafiya har ƙarshe. Zan nemi mai Wi-Fi 6 da SQM. Tambayar da ta rage ita ce, tun da rautar kamfanin haɗe take da modem, na'urar da ke karɓo layin daga kamfani, zan iya jona sabuwar a bayanta kawai, ko sai na nemi su mayar da tasu gada zalla, wato ta miƙa layin kawai ta bar wa sabuwar aikin rabawa?