Takobi a cikin kumbo: wane fim za ku ba ni?

Auta: Salamu alaikum jama'a. Jiya na gama Dune kashi na biyu na 2024, wallahi har yanzu abin bai sake ni ba, mutane na da kumbo suna tsallaka duniyoyi amma in faɗa ya tashi sai a zaro wuƙa. Don Allah ku ba ni irinsa.

Yaya Babba: Wa alaikissalam Auta. Ai ba ado ba ne wuƙar nan, garkuwar da suke kunnawa a jiki tana tare duk abin da ya zo da gudu, harsashi ba ya ratsa ta sai abin da ya shigo a hankali, shi ya sa wuƙa ta dawo da darajarta. Kwamfuta mai tunani ma an haramta ta bayan wani tsohon yaƙi, sai aka koma horar da mutane su riƙa yin lissafin da ka. Frank Herbert ya tsara duk wannan tun a littafinsa na 1965. Ni irin wannan nake so, a ba ni dalilin da ya sa tsohon abu bai mutu ba.

Sarkin Kallo: Fara da Star Wars na 1977 ƙanwata. Takobin haske, doguwar riga, malami da almajirinsa, George Lucas, wanda ya shirya fim ɗin, da bakinsa ya ce ya ɗauko abubuwa daga The Hidden Fortress na darakta Kurosawa, fim ɗin samurai (mayaƙan takobi na Japan) na 1958. Kumbunan ma duk sun sha jiki, ga tsatsa ga faci, shi ya sa kake yarda ana rayuwa a ciki.

Maman Biyu: Ba wanda zai ambaci Kalki 2898 AD? Amitabh Bachchan ya fito a Ashwatthama, jarumin tsohon labarin Indiya na Mahabharata da aka la'anta ba zai mutu ba, ga shi yana dambe da Prabhas a zamanin motoci masu magana. Farkonsa yana ja gaskiya, ki daure.

Auta: Na rubuta su duka. Wani ya ce min Wild Wild West fa?

Yaya Babba: Na Will Smith, 1999. Akwai ƙaton gizo-gizon ƙarfe mai aiki da tururi a Amurka ta zamanin kaboyi, ido zai sha kallo amma ni bai gamsar da ni ba, injin ne kawai aka jibga babu tushe. Gara Back to the Future na uku, jaruman sun koma baya sun maƙale a 1885 babu fetur, dole jirgin ƙasa mai tururi ya tura motarsu mai tsallaka zamani har ta kai gudun mil 88 a awa da take buƙata don ta tsallaka. Can tsohon inji ne ya ceci sabon.

Sarkin Kallo: Ki ƙara da Prey na 2022, yarinya 'yar ƙabilar Comanche ta 'yan asalin Amurka a 1719 da gatarinta ta tunkari maharbin da ya sauko daga wata duniya.

Auta: Yaya da wanne zan fara daren nan?

Yaya Babba: Prey, bai kai awa biyu ba.