Musayar baiti kan ɗan tsuntsun kurmi mai doguwar jela

Ɗan Kurmi:
Salam jama'a, yau tsuntsun nan mai kamun ƙuda na kawo mana, wanda masana ke ce wa Terpsiphone viridis, jikinsa duka bai fi santimita 17 ba amma jelar namijin sai ta ninka tsawonsa. Ƙafiya "ya" ce, wanda ya karya zai biya tara hhh

Ɗan mitsitsin tsuntsu a duhun kurmi,
Kai baƙi da tukku, ga zabgegiyar wutsiya.
Zoben shuɗi ya kewaye idonsa,
Baya ja, in ya gifta sai ka ce walƙiya.

'Yar Baiti:
Yaya kai dai ado ka gani,
Macen fa ba ta san wannan tutiya.
Jela gajera, ba ruwanta da yanga,
Ta nemi reshe ta zauna lafiya.
Ƙuda na giftawa ta tashi caraf,
Ta dawo reshenta, sai haɗiya.

Baba Tsoho:
'Yata a yi wa namijin adalci mana, ni na taɓa tsayawa na kalle su da idona har wuyana ya ƙage

Sheƙarsu ƙarama kamar ɗan ƙoƙo,
A gwafar reshe suke mata shimfiɗiya.
Da yanar gizo suke ɗaure ciyayin,
Aikin na biyu ne, ba na mutum ɗaya.
Ƙwai 2 ko 3, kwanci karɓa-karɓa,
In ta gaji shi ke hawa, ba gardama ba hayaniya.
Sai dai sheƙar ba ta ɗaukar jelar,
Tana reto a waje, kowa na gani daga baya.

'Yar Baiti:
Baba "shimfiɗiya" kuma?? wannan kalma a ina aka haife ta hhh, tara ta hau kanka wallahi

Baba Tsoho:
Ƙafiya ce ta matsa min 'yar nan, a yi haƙuri

Ɗan Kurmi:
Ƙanwata kin ji shaida daga babba,
Mai jela ma yana taya ɗawainiya.
Wani namijin ma bayansa fari ne fat,
Baki faffaɗa, gashi a gefe kamar tsintsiya.

'Yar Baiti:
Na ji, na yarda yana kwanci,
Amma ɓuya da jela a waje ai abin dariya.

Baba har yanzu muna jiran tarar fa