Tashar rediyo ta nemi in yi mata muryar tambari: nawa zan ce?

Ɗan Ringim:
Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena na wannan zaure, shawara nake nema. Wata tashar FM mai zaman kanta da ake kamawa a yankinmu tana so in ɗaukar mata murya: gajerun tambarin tasha guda 12, irin masu faɗin sunan tasha da mitarta, da taken shirye-shirye 4, sai sanarwar azumi da ta sallah. A gida zan ɗauka in tura, su za su ɗora kiɗa. Sun ce in faɗi kuɗina. Da minti ake lissafi ko da guda? Sun kuma ce za su iya riƙa ambaton sunana a madadin wani ɓangare na kuɗin.

Malam Habu Gumel:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka cire lissafin minti daga ranka. Tambari 12 masu daƙiƙa biyar-biyar minti ɗaya ne kacal idan aka haɗa su, wanda ya biya ka da minti kuwa ya samu aikin shekara a kuɗin shayi. Abin da kake sayarwa shi ne izinin amfani da muryarka. Duba: idan tasha tana aiki awa 18 a rana, tana sa tambari duk bayan minti 15, sau 72 ke nan kullum, sama da sau 26,000 a shekara. Talla kan yi mako biyu ko wata ɗaya a janye ta. Tambari zama yake yi har mutane su riƙa gane tashar da muryarka kafin su ji sunanta.

Ma'auni mafi sauƙi shi ne takardar farashin tallansu. Kowace tasha tana da ita a sashen kasuwanci, ka nema a ba ka. Ka duba abin da suke karɓa kan tallan daƙiƙa 60 sau ɗaya, a lokacin da ba na labarai ba. Mu ƙaddara naira 5,000 ne, don lissafi kawai. Gajeren tambari kada ya gaza wannan, 12 sun zama 60,000. Taken shiri ya fi tsawo, kuma yana buƙatar salo daban ga kowane shiri, don muryar shirin noma ba ita ce ta shirin siyasa ba, sai ka ninka: 4 sun zama 40,000. Sanarwa biyu 10,000. Jimilla 110,000. Da yake sari suka yi, ka iya rage musu kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, amma ka rubuta cikakken kuɗin a sama, ragin a ƙasansa, domin idan suka dawo neman guda ɗaya tak gobe, da ainihin farashin za a yi magana.

Wannan kuɗin na shekara ɗaya ne, a wannan tasha kaɗai. Idan shekara ta cika suna son ci gaba, su biya rabi. Idan suna da reshe a wani gari, Dutse ko Haɗeja, su sa a can ma, wannan wani ciniki ne daban.

Hajiya Rabi Kazaure:
Malam Habu, lissafinka ya yi, amma ina da ja kan sabuntawa duk shekara. A ƙananan tashoshi manajoji na canzawa, wanda ya sa hannu bara ba lallai a same shi bana ba, tambari kuma yana cikin kwamfuta yana ta juyawa. Yaro daga Ringim ba zai iya zaryar karɓar rabin kuɗi ba. Gara ya ba su zaɓi biyu tun farko: shekara ɗaya a kan kaza, ko sayarwa gaba ɗaya a kan ninki biyu, a karɓa yanzu a huta. Yawanci na biyun ya fi kwanciyar hankali ga kowa.

Ɗana, ga yadda za ka shiga cinikin. Kada ka faɗi kuɗi a waya. Ka ce su turo rubutun duka tukuna, domin "guda 12" kan koma 20 idan aka zo ɗauka, wannan ya ce a ƙara na safe, wancan ya ce a ƙara na Juma'a. Ka karɓi rabi kafin alƙalami, ragowar ranar miƙa aiki. Samfurin da za ka tura su saurara ya zama guda biyu ko uku kawai, cikakken aiki sai alat ya shigo. Ka tambaya ko akwai harajin da ofishin kuɗi ke cirewa kafin biya, da ko wanda ya haɗa ku yana jiran la'ada, don ka san abin da zai iso hannunka.

Idan suka taya ƙasa, kada ka rage kuɗi aiki yana nan yadda yake. Ka ce albarka, sannan ka rage kaya: a kan abin da suka taya za su samu tambari 8 da take 2. Wanda ya sauko da rabi cikin minti biyar ya nuna musu cewa farashin farko ba gaskiya ba ne.

Maganar ambaton suna kuwa, ba ta sayen buhun gero. Idan musaya suke so, su ba ka filin talla a rubuce: guda nawa, daƙiƙa nawa, wane lokaci, zuwa wane wata. Wannan kana iya sayar wa mai shagon taki ko mai makaranta a garinku ya zama kuɗi. Ka dai lura kada a tura maka filin bayan sha ɗaya na dare.

Injiniya Sale Wudil:
Yawancin rigimar kuɗi daga "a sake" take farawa, don haka a yanke adadinsa. Gyara sau ɗaya kyauta idan kuskuren naka ne ko salon bai yi musu ba. Idan su suka canza rubutu bayan an ɗauka, sabon aiki ne. Kafin ka kunna makirfo ka sa furodusa ya karanta maka rubutun ta waya, saboda boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali: "gari" na zama da "gari" na tuwo iri ɗaya ake rubuta su. Ka ji yadda suke faɗin mitarsu, ko da "ɗigo" ko ba shi, da yadda suke furta sunan tashar.

Ka ɗauka a WAV (nau'in fayil ɗin sauti da ba a matse ba), ka saita manhajar ɗauka a 48 kHz ko 44.1, mono (layin sauti ɗaya), murya zalla ba kiɗa ba amsa-kuwwa. Ƙarfin sauti ya tsaya wajen -6 dB a ma'aunin manhajar, domin na'urorin tasha za su ƙara matse shi, idan ya fashe tun daga wurinka ba ya gyaruwa. Tsakanin bakinka da makirfo kamar taƙi ɗaya na hannu, a ɗan karkace, saboda iskar "f" da "b" da tsinin "ts". Ɗakin ƙasa ya fi na siminti mai rufin kwano. Idan na simintin ne da kai, jingina katifa a bango ka rataya barguna. Kashe fanka, ka jira injin markaɗe da janareton maƙwabta su yi shiru. Kowane tambari ka ba su salo uku a fayil guda mai suna da lamba. Idan ta WhatsApp za ka tura, ka tura a matsayin fayil, saƙon murya yana matse sauti ya lalata shi. Manhajar ɗaukar sauti ta Audacity kyauta ce, ta isa wannan aikin.

Ɗan Ringim:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Saura ɗaya: sun ce ba sa so a ji muryata a wata tasha.

Malam Habu Gumel:
To nan ne kuɗin yake, don rufe maka ƙofa suke nema. Ka yarda da tambarin tasha kawai, a tashoshin da ake kamawa a yanki ɗaya da su, na tsawon shekara ɗaya, a ƙara aƙalla rabin jimillar kuɗin. Tallan 'yan kasuwa da sanarwar biki su zauna a hannunka, ka yi wa kowa. Ka kuma sa layi biyu a takardar: ba za a yanki muryarka a haɗa cikin tallan wani ko jingil ɗin ɗan siyasa ba, kuma ba za a ba manhajar kwaikwayon murya ita ba. Shafi ɗaya ya isa, da Hausa ma ya yi, manaja ya sa hannu da hatimin tasha, kai ma ka riƙe kwafi.