Takalmin fata ko silifan roba: wa ya kashe sana'ar dukawa?

Kawu: Salamu alaikum jama'a. Ni dai maganata ɗaya, mu da kanmu muka kashe dukawan Maraɗi. Garin da jar akuyarsa ta yi suna, fatarta tun zamanin ayari ake ƙetare Sahara da ita har Turawa suka riƙa ce mata fatar Maroko, yau a shiga babbar kasuwa a ga tulin silifan China. Nawa takalmin baduku ya ɗinka min shi, shekara shida ke nan, sau ɗaya aka sake mai ƙasa.

Inna mai abinci: Wa alaikumus salam Kawu. Allah ya ja kwana, amma ba ku yi mana adalci ba. 'Ya'ya bakwai gare ni, na fata ɗaya jika biyar, silifa dala ɗari da hamsin, kuma ƙafar yaro ba ta jiran takalmi ya tsufa, kafin lakwal ta tashi hutu ya matse shi, to ina amfanin ƙarkon?

Ɗan kabu-kabu: Gaskiyarki Inna. Ga alwala sau biyar, ga damina. Fata in ta sha ruwa ta bushe sai ta ƙandare, roba ko ka ɗauraye ka wuce.

Kawu: Ɗana, lissafa silifa nawa ka tsinka bana. Kuma da bazara kan kwalta ba ta ƙona maka tafin ƙafa?

Ɗan kabu-kabu: Huɗu Kawu, kuma tana ƙonawa. Amma dala ɗari da hamsin ina samunta yau, jika biyar a dunƙule ce ba ni da.

Baduku: Ku bari in sa baki tunda a kaina ake. Ban ga laifin Inna ba wallahi. Fatar kirki ɗanya ake kwashe ta a yi Kano da ita, daga can wata har Italiya, mu sai ragowa, ita ma da tsada. Jima da bagaruwa kwanaki take ci, ɗinki da hannu yini guda ƙafa biyu in na yi ƙoƙari. Abin da ya fi ci min rai, yaran da na koya wa su uku duk sun aje basilla, ɗaya ma silifan yake talla a tasha.

Inna mai abinci: Malam, in za ka karɓi biya kaɗan-kaɗan kamar adashi, na maigida dai zan sa ka yi na Sallah.

Baduku: Zan karɓa Hajiya. A turo yaro da tsohon takalmin maigidan gobe in auna.