Wasan kwaikwayo na nan-take: yaya ɗan wasa ke hawa, kuma me ya sa kusan duk suke koyarwa?

Ɗalibin Fage:

Assalamu alaikum. Tambayata kan kamfanonin wasan kwaikwayo na nan-take ce, waɗanda 'yan wasa ke hawa dandamali ba rubutu, 'yan kallo su jefa musu kalma ɗaya su gina wasa a kanta. Idan ka duba tarihin 'yan wasan irin wannan kamfani, kusan kowa an rubuta masa "ɗan wasa kuma malami". Shin wasan ne ba ya ciyar da mutum sai ya haɗa da koyarwa? Kuma daga shiga ajin farko zuwa ranar da za a damƙa wa mutum aji nasa, matakai nawa ne? Masana a taimaka da bayani dalla-dalla.

Bayan Labule:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Amsar tambayarka ta farko ita ce e, a mafi yawan gidaje wasan kaɗai ba ya riƙe mutum, kuma dalilin lissafi ne. Zauren nan-take ƙarami ne, da yawa ba su wuce kujera 100 zuwa 150 ba, tikitin kuma mai araha ne, a Amurka sau da yawa bai kai dala 20 ba. Dare ɗaya ƙungiya biyu ko uku ke hawa, kowace da mutum kamar takwas. In ka cire hayar gini da mai kula da fitila da mai tsaron ƙofa, abin da ya rage ka raba wa mutum ashirin, ba abin a zo a gani ba ne. Amma ɗalibi ɗaya yana biyan ɗaruruwan daloli a zango guda, aji ɗaya kuma yana ɗaukar mutum 12 zuwa 16. Makarantar ce ke ɗauke da gidan. Dandamalin talla ne ga makarantar: mutum ya zo kallo, ya yi dariya, a ƙarshen wasa a sanar da cewa sabon aji zai fara.

Matakan kuwa, a tsarin da ya fito daga Chicago, ga yadda suke tafiya. Za ka yi azuzuwa huɗu zuwa shida a jere, kowane mako takwas, zama ɗaya a mako na awa uku ko kusa da haka, a rufe da wasan ɗalibai a gaban jama'a. Wannan kaɗai wata takwas ne zuwa kusan shekara guda. A tsakiyar hanya ɗalibai kan haɗa ƙungiyarsu ta kansu, su yi karo-karo su biya koci da ɗakin rihazal, su nemi duk inda za a ba su minti 15. Bayan kammalawa sai gwajin shiga ƙungiyar gida, wato ƙungiyar da gidan wasan da kansa ke haɗawa ya ba ta lokaci a dandamalinsa. Wanda ya samu, za a sa shi cikin mutum bakwai ko takwas da bai zaɓa ba, rihazal sau ɗaya a mako, wasa sau ɗaya a mako ko a mako biyu. A gidajen wasa irin iO na Chicago da UCB na New York, abin da waɗannan ƙungiyoyi ke yi shi ne tsarin da ake kira Harold, wanda malamin wasa Del Close ya shahara da shi: buɗewa daga kalmar da 'yan kallo suka bayar, fitowa uku (wato gajerun labarai uku daban-daban), wasan taron dangi da duk ƙungiyar ke shiga, a dawo wa fitowa ukun nan a karo na biyu, wani wasan taron dangi, sannan zagaye na uku inda labaran ke haɗuwa. Minti 25 zuwa 30 ke nan.

A wannan mataki an daɗe ba a biyan kowa. A 2013 an yi ta cece-kuce a New York kan yadda UCB ba ya biyan masu hawa dandamalinsa. Hujjar masu gidan ita ce araha tikiti da damar da ɗan wasa ke samu a gan shi. Hujjar masu suka ita ce zaure cike, ɗan wasa kuma shi ne ma ke biyan koci daga aljihunsa.

Inda albashi na gaske yake shi ne irin Second City, wanda aka buɗe a Chicago a 1959, aka yi masa reshe a Toronto a 1973. A can hanya takan bi ta ɗan ko-ta-kwana, wato wanda ke haddace rawar wani don ya maye gurbinsa ranar da ba ya nan, sai ƙungiyar yawo mai zagaya garuruwa da kwalejoji, sai babban dandamali. 'Yan babban dandamali galibi shida ne, suna ƙarƙashin ƙungiyar ƙwadago ta 'yan wasa, suna wasa kamar sau takwas a mako. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, yawancin abin da suke nunawa rubutacce ne. Nan-taken kayan aikin rubutu ne: bayan an gama shirin dare sai su gwada sababbin fitowa a gaban 'yan kallo, darakta ya riƙe wadda ta yi armashi, a yi ta goge ta wata biyu zuwa uku har ta shiga sabon shiri. Don haka wanda bai iya mayar da abin da ya ƙirƙira a tsaye zuwa takarda ba, a ƙofar nan yake tsayawa.

Sunayen taurarin da ake kwaɗaita wa ɗalibai gaskiya ne. Stephen Colbert a ofishin sayar da tikitin Second City ya fara, ya zama ɗan ko-ta-kwanan Steve Carell. Tina Fey ma daga Second City ta tafi rubuta wa shirin Saturday Night Live a 1997. Amma ka ƙirga kujerun: mutum shida a dandamali, ɗalibai ɗaruruwa a makaranta kowane zango.

Malama Mai Alli:

Malam Bayan Labule ya gama da maganar kuɗi. Abin da zan ƙara shi ne, kada a ɗauki koyarwa a matsayin ladan ƙwarewa a wasa. Sana'a ce daban, kuma ta ma girmi dandamalin. Malamar wasa Viola Spolin ta tsara wasanninta na horarwa ne tana aiki da yara da 'ya'yan baƙi masu ƙaura a Chicago, tun kafin ɗanta Paul Sills ya ɗauke su ya horar da 'yan ƙungiyar wasan nan-take ta Compass Players a 1955.

Hanyar zama malami takan fara da zama koci. Ƙungiyar ɗalibai ta ga wasanka ta kira ka, awa biyu a mako. Idan sunanka ya yi kyau a nan, makaranta ta sa ka zauna a bayan ajin wani tsohon malami zango guda ko biyu kana rubuta abin da yake yi, sannan ka riƙa cike gurbi in wani bai zo ba, sannan a ba ka aji. Daga ajin farko na ɗalibta zuwa nan, shekara huɗu zuwa shida ba abin mamaki ba ne. Kuskuren da makarantu ke yawan yi shi ne ba sabon malami ajin farko, wai don shi ne mai sauƙi. Shi ne mafi wuya. Rabin ɗaliban ba wasa suka zo nema ba, kunya suke so su rage ko su iya magana a gaban mutane, kuma kalma ɗaya mai zafi ta isa ta sa mutum bai sake dawowa ba.

Ga lissafin da kowane malami ya kamata ya yi kafin ya shiga aji. Awa uku minti 180 ne. Cire 20 na motsa jiki da murya, cire 10 na hutu, saura 150. Fitowa ta mutum biyu minti uku, gyara minti uku, ke nan fitowa 25, gurbi 50. A ajin mutum 16, kowa ya hau sau uku, wato bai fi minti goma a kan ƙafarsa ba a zaman da ya biya awa uku. Malamin da ke son jin muryarsa, ya mayar da gyaran minti shida, ya ci kashi ɗaya cikin uku na wannan ɗan lokacin. Shi ya sa ƙa'idar ita ce gyara ɗaya a fitowa ɗaya, kuma wanda za a iya aikatawa nan take. "Ba ka saurara" ba gyara ba ne. "Ta ce maka gidan ya ƙone, ka ci gaba da maganar mota, ku koma daga nan, ka amsa maganar gidan", wannan gyara ne.

Akwai kuma jagoranci daga gefe yayin da fitowar ke gudana, kalma biyu ko uku ba tare da an tsayar da wasa ba: "Faɗi sunanta." "Ina kuke?" "Taɓa abin." Gwanin ɗan wasa a nan yake tuntuɓe, domin yana ganin barkwancin da shi zai yi a wurin, sai ya fara tura ɗalibin can. Bayan zango biyu sai ka ga aji guda duk suna wasa kamar malaminsu.

Sai batun iyaka. A zaman farko ake faɗin dokar taɓa jiki: ba ɗaga mutum, ba sumba, ba mari na gaske, kuma kowa na da ikon tsayar da fitowa ba sai ya ba da dalili ba. Malami ba ya neman ɗalibarsa ko ɗalibinsa, musamman da yake sau da yawa malaman nan ne ke zama alƙalan gwajin shiga ƙungiyar gida. Gidan da bai rubuta wannan ba, kuma ba shi da wanda za a kai wa ƙara ban da mai gidan, a yi hattara da shi.

Tsohon Hannu:

Duk gaskiya, amma kun sa kamar tsanin Chicago ne kaɗai. Keith Johnstone, wanda ya kafa gidan wasa na Loose Moose a Calgary ta Kanada a 1977, wata hanya ya bi: ka yi wa gidan aikin sa kai, ka karɓi tikiti ko ka share zaure, a koya maka kyauta, a jefa ka dandamali da wuri ka faɗi a gaban mutane. A Groundlings na Los Angeles kuwa, 'yan babban kamfani ba sa wuce 30, kuma su ne ke kaɗa ƙuri'a kan 'yan ƙungiyar Lahadi, wato matakin da ke ƙasa da su, wa zai hau, wa zai ƙara zango, wa za a sallama. Boom Chicago da aka kafa a Amsterdam a 1993 yana ɗauko 'yan wasa daga Amurka a kan kwantiragi; Seth Meyers da Jordan Peele duk sun bi ta nan.

Kuma Malama, ajin dare ma ba shi ne inda kwalliya ke biyan kuɗin sabulu ba. Aikin kamfanoni ne. Banki ko asibiti ya ɗauki malami biyu su yi wa ma'aikata bita ta rabin yini kan saurare da aiki tare, abin da za a biya yana iya fin zango guda na aji. Second City na da sashe guda don wannan, kuma cibiyar Alan Alda a jami'ar Stony Brook tana amfani da waɗannan wasanni ta koya wa masana kimiyya da likitoci yi wa jama'a bayani. Sai dai ma'aikacin da shugabansa ya tilasta masa zuwa ba ɗalibi ba ne. Kada ka fitar da mutum ɗaya gaban abokan aikinsa a minti goman farko; a fara bibbiyu, kowa a lokaci guda, ba mai kallon wani.

Abin da za a duba a kwantiragi: yawancin malamai zango-zango ake ɗaukarsu, in ɗalibai ba su cika ba a soke ajin ana saura kwana biyu, ba ko sisi. A tambaya ko akwai kuɗin sokewa, ko ana biyan daren wasan ɗalibai, da kuma wa ke da mallakar manhajar da ka tsara da gajerun wasannin da ka ƙirƙira a dandamalinsu. A 2020 iO ya rufe, UCB ya rufe wurarensa na New York, mutanen da duk abincinsu a gida ɗaya yake suka wayi gari ba komai. iO ya sake buɗewa a 2022 a hannun sababbin masu shi. A 2021 kuma malaman Second City suka kaɗa ƙuri'ar kafa ƙungiyar ƙwadago.

Ɗalibin Fage:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Saura ɗaya: a gwajin shiga ƙungiyar gida me alƙalai ke dubawa, kuma me ke kayar da mutane?

Bayan Labule:

Za a shigo da ku rukuni-rukuni, ku jeru a bango, kowa ya samu fitowa biyu ko uku na minti ɗaya zuwa biyu da wanda wataƙila bai taɓa gani ba. Waɗanda suka tsallake a sake kiransu zagaye na biyu su yi dogon tsari tare.

Na farkon abin da ke kayarwa shi ne musu. Abokin wasa ya ce, "Likita, ƙafar ce dai har yanzu," kai kuma ka ce, "Ni ba likita ba ne." Za a yi dariya sau ɗaya, fitowar ta mutu, alƙalai kuma sun rubuta. Na biyu jera tambayoyi, "Wane ne kai? Me kake yi a nan?", wanda ke ɗora wa abokinka duk nauyin ƙirƙira. Na uku shigowa da labari shiryayye daga bango, ka ƙi sakinsa ko da abokinka ya kawo wanda ya fi shi. Na huɗu hali ɗaya a duk fitowa: in ka yi mai tsawa a ta farko, yi mai sanyin murya a ta biyu.

Ana kuma kallonka lokacin da ba kai ke wasa ba. Wanda ya lura fitowar wasu ta kai ƙarshe ya gitta gaban dandamali ya yanke ta a kan dariya, ko ya shiga ya zama kujera ko ma'aikacin otal na daƙiƙa goma ya fita, yana samun maki fiye da mai barkwanci biyar. Ƙungiya ake haɗawa, shi ya sa gwani kan faɗi don kawai an riga an sami mai irin salonsa.

In ka samu ma, tsugune ba ta ƙare ba. Gidaje da yawa na sake duba ƙungiyoyinsu bayan 'yan watanni, a rusa wata, a cire mutum ɗaya daga wata, kuma rashin zuwa rihazal ya fi rashin ban dariya saurin cire mutum. Wanda bai samu ba ya nemi bayanin alƙalai in gidan na bayarwa, ya riƙe ƙungiyarsa ta kansa da koci, ya dawo gwaji na gaba; mutane da yawa sai a karo na biyu ko na uku suke shiga.