Sanyin ƙarshen Afrilu zai sauka a kan furannin tuffa: me za a yi kafin dare?

Mai tambaya, daga Kolumbus, jihar Ohayo a Amurka:

Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan da muka dasa bishiyar tuffa guda biyu a bayan gida, kuma bana ne suka fara yin fure sosai, har ƙudan zuma suna ta kai da komowa tun da safe. Yanzu masu hasashen yanayi sun ce daren jibi sanyi zai kai digiri 28 a ma'aunin Farenhait, wato kimanin digiri 2 ƙasa da sifili a Salshiyas. Akwai kuma furannin tulif da suka buɗe a bakin ƙofa, da dashen tumatir da na fitar waje makon jiya saboda ɗumin da aka yi ya ruɗe ni. Ni da na tashi inda zafi da rashin ruwa ne ke kashe shuka, ban san ta inda zan fara ba. Wanne zan fara ceta, kuma da me?

Amsa daga jihar Mishigan a Amurka:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki fara da tuffar, domin furen da ya buɗe shi ne mafi rauni. Ma'aunin da manoman nan suke aiki da shi shi ne, idan tuffa tana cikin cikakken fure, digiri 28 na tsawon rabin sa'a yana kashe kusan kashi 10 cikin 100 na furannin, amma idan ya sauka zuwa 25 asarar tana kaiwa kashi 90. Saboda haka digiri biyu ko uku kawai kike nema ki ƙara, kuma ana iya samunsu. Mun ga mummunan misalin abin a 2012, lokacin da zafin watan Maris ya sa itatuwa suka yi fure da wuri, sannan sanyin Afrilu ya hallaka kusan kashi 90 na amfanin ceri mai tsami (wani ƙaramin jan ɗan itace) na jiharmu.

Ki shayar da ƙasar da ke gindin bishiyoyin da rana, domin ƙasa mai laima ta fi busasshiya riƙe zafin rana, tana kuma sakinsa a hankali cikin dare. Kafin faɗuwar rana ki rufe kowace bishiya da zanen gado ko bargo mara nauyi, ya sauka har ƙasa, ki danne gefensa da bulo. Kuskuren da na yi a shekarata ta farko shi ne na ɗaure zanen a jikin kututturen, ban sani ba ashe na raba furannin da ɗumin da ke tasowa daga ƙasa. Da safe, da zarar ƙanƙarar ta narke, ki yaye rufin domin ƙudan zuma su koma aikinsu.

Amsa daga Jamus:

'Yar'uwa, tumatir ɗin kam ki mayar da su cikin gida ko gareji, domin ba sa jure daskarewa ko kaɗan. A nan mutane ba sa dasa tumatir a fili sai an wuce tsakiyar Mayu, saboda sanyin da aka saba yi tsakanin 11 da 15 ga wata. Tulif kuwa kada ya ɗaga miki hankali. Zai iya langaɓewa da asuba, amma yawanci yakan miƙe idan rana ta fito.

Amsa daga Ohayo:

Ina ƙara jan hankalinki, Hajiya, a kan leda. Idan za ki yi rufi da ita, kada ki bari ta taɓa fure, domin sanyi yana ratsa ta kai tsaye, duk inda ta taɓa sai ya ƙone. Kada kuma ki kwaikwayi manyan gonaki da ke fesa ruwa a kan itatuwa cikin dare, domin dabarar tana aiki ne kawai idan ruwan bai tsaya ba har gari ya waye ƙanƙarar ta narke, kuma idan ya katse a tsakiya ɓarnar ta fi ta wanda bai yi komai ba. Bayan kwana ɗaya ki tsinki furanni kaɗan ki tsaga tsakiyarsu: kore yana nufin suna da rai, baƙi ko ruwan ƙasa sun mutu. Tuffa tana yin fure fiye da abin da za ta iya ɗauka, don haka ko wasu sun lalace za ki iya samun 'ya'ya.

Mai tambaya:

Na gode, Allah Ya saka muku da alheri. Na riga na shigar da tumatir ɗin gareji, na kuma haɗa zannuwan gado huɗu da bulo. Jibi da azahar zan shayar da gindin bishiyoyin, in rufe su kafin magariba.