Muhawara: Murɗa wuya yana maganin daɗaɗɗen ciwon ƙugu?

Maman Ilham: Salamu alaikum. Shekara 2 ke nan ƙuguna yana ciwo, ko sunkuyawa zan yi in ɗauki abu sai na cije leɓe. Wani mai gyaran ƙashin baya, irin waɗanda ake kira kairofarakta, ya ce daga wuya matsalar take, wai ƙashin da ke ƙarƙashin ƙoƙon kai ne ya goce. In yarda ya taɓa ni?

Malam Sani: Hajiya, ki je. Sau 6 aka yi min. Zai tallabi kanki da hannu biyu, ya juya a hankali, sai ya fizga, ki ji ƙas! Na tashi wasai. Ai gadon baya igiya ɗaya ce tun daga wuya har ƙugu.

Hauwa: Malam, igiya ɗaya ce, amma ƙasusuwan wuya 7, na ƙugu 5, kuma akwai 12 a tsakaninsu. Maganar nan ta ƙashin saman wuya B.J. Palmer ne ya yaɗa ta, ɗan D.D. Palmer da ya kafa sana'ar a Amurka a 1895, kuma har yau ba ta samu gamsasshiyar hujja ba. Ƙarar da ka ji iskar gas ce a cikin ruwan gaɓa.

Malam Sani: To ai na ji wata babbar ƙungiyar likitocin Amurka ta amince da shi a 2017.

Hauwa: Ta sa gyaran ƙashin baya cikin abubuwan da za a iya gwadawa, tare da motsa jiki, gaskiya ne. Sai dai akasarin binciken a kan ƙugun kansa aka yi, kuma sauƙin da ake samu bai wuce na atisaye ba.

Bashir: Ni abin da ke tayar min da hankali jijiyoyin jini biyu ne da ke ratsa ƙasusuwan wuya zuwa ƙwaƙwalwa. In ɗaya ta tsage, shanyewar ɓarin jiki na iya biyo baya. Ba kasafai yake faruwa ba, wallahi na sani, amma don me za a kai hannu wurin da lafiyarsa ƙalau?

Malam Sani: Ni dai na ji sauƙi, wannan ba wanda zai musa min.

Hauwa: Ba mu musa ba, Malam, Allah ya ƙara lafiya. Maman Ilham, ciwon yana sauka ƙafa? Akwai mutuwar jiki tsakanin cinyoyi, ko fitsari yana kufce miki? In akwai, yau ɗin nan ki je asibiti.

Maman Ilham: Yana sauka ƙafar hagu kawai, ƙanwata. Zan fara ganin likita tukuna.